Sunan Aro a Kan Allo

Sha'aibu ya riga ya ja layi da alli, har ya tsoma buroshi a fenti, sai hannunsa ya tsaya. Rubuta alluna ce sana'arsa a bakin kasuwar Boɗinga. Bai wuce firamare ba, sauran karatunsa a tsofaffin jaridu ya tsince shi. Wannan allon na sabon ɗakin kimiyya ne na wata sakandare, za a buɗe shi jibi da sunan marigayi Farfesa Sama'ila Garba, masanin fiziks da ya ƙare rayuwarsa yana binciken zafin rana.

Ɗan littafin da aka raba bayan rasuwarsa ya ce ɗan dagaci ne daga ƙasar Shagari. Duk shafin da Sha'aibu ya buɗe a waya, maganar littafin aka kwafa. Amma ɗazu wani tsohon direba ya leƙa takardar aikin ya ce, "Sama'ila kuma? Arzika dai," ya wuce abinsa.

Ya kira shugabar makarantar, Malama Kausar.

"Malam Sha'aibu, aikin fenti na ba ka, ba na tarihi ba," in ji ta. "Rubuta abin da ke takarda."

Ya rufe gwangwanin, ya shiga bas zuwa Shagari, kabu-kabu ya ƙarasa da shi ƙauyen. A wata rumfa ya tarar da wani tsoho yana ware ruɓaɓɓiyar albasa. Suka gaisa har ƙasa.

"Baba, gidan Sama'ila Garba nika biɗa."

"Ka iso. Ga ni."

"Farfesa nika nuhi, wanda yar rasu."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Wanga ai da sunana yat tahi."

Ya ba shi labari. Shekarar da aka zo ɗibar yara boko, aka ce dagaci, uban tsohon, ya fara ba da nasa ɗan. Uwar tsohon ta ɓoye shi a rumbu. Ubansa ya kamo hannun Arzika, ɗan Ubaidullahi mai haƙa musu rijiya, ya ce wa mai rajista ga Sama'ila.

"Sunana ya je Ingila, ni ko Kaduna ban sani ba," in ji tsohon. Ya ɗaga murya ta saman zana. "Laraba! Hito, an zo zancen wanki!"

Wata tsohuwa ta fito da sanda, ƙanwar Arzika ce.

"Shekarar fara ce," in ji shi.

"Ƙarya kake, tsohon banza, shekarar da gulbi yac ci gero ce. Kai da ke cikin rumbu mi kas sani?"

Sha'aibu ya dube su. Shaidunsa ke nan duka, kuma ko shekara ba su haɗa ba.

"Inna, shi kanshi ya taɓa cewa a gyara?"

Ta girgiza kai. "Gaban baƙi bai taɓa ba. Amma in ya zo gida anka ce Farfesa, sai shi yi kamar bai ji ba. In na ce Arzika, sai shi waigo." Ta goge ido da gefen mayafi. "Babanmu ya mutu yana jin ana kiran ɗanshi ɗan wani a rediyo. Bai taɓa cewa uffan ba."

A bas, tunani ya hana shi sakat. Mutum ya riƙe bakinsa shekara sittin. Wane ne shi da zai buɗe masa bayan ƙasa ta rufe shi? Kunya ce ta hana Farfesa magana, ko amanar dagaci ya riƙe? Idan kuwa amana ce, shi mai haƙa rijiyar wa ya bar wa tasa amanar?

Da la'asar ya rubuta sunan takarda da manyan baƙaƙe, bai rage ko ɗigo ba. Saura kusurwar ƙasa, inda kowane mai fenti ke sa sunansa da lambar wayarsa don a neme shi da aiki. Nan kam ba wanda ya isa ya ce masa ga abin da zai sa. Ya ɗauki ƙaramin buroshi ya rubuta: Arzika ɗan Ubaidullahi.

Washegari Malama Kausar ta zo karɓa. Ta duba allon, ta sunkuya kan kusurwar.

"Sabon abokin aiki ka samu?"

"Ya riga ni fara aikin, Malama," in ji Sha'aibu, ya kama mata gefe ɗaya suka ɗora allon a mota.