Baƙin Man Babur ɗin Baba

Da Baba ya rasu bai bar mana gona ba, bai bar shago ba. Babur ya bari, tsoho, ja, mai wata irin ƙara kamar dattijo na gyaran murya. Umma ta ce ko za a kwana da yunwa ba za a sayar da shi ba, kuma ba ta ɓoye dalili ba. In aka tayar da shi da safe a tsakar gida, takan ji kamar mai gidan ne zai fita, sai ta samu ƙarfin tashi daga kan gado. Don haka ta raba wa 'ya'yanta maza kwana: Yaya ya hau yau, Auta ya hau gobe.

Ni ce ta tsakiya, ni ke share tsakar gidan, saboda haka duk ɗigon baƙin man da ya zuba a gidan nan na san mai shi.

Yaya tela ne. Saninsa da inji bai wuce ɗiga wa keken ɗinki mai ba, amma ya taɓa riƙe wa Baba sifana, tun daga ranar ya naɗa kansa shehin babura. A wurinsa tsohon inji sai mai mai kauri, wanda in ka murza a yatsa zai yi danƙo. Filta kuwa ba a sayen sabuwa, wanke tsohuwar ake yi da fetur, a shanya, a mayar. Auta yana aiki a shagon waya, shi malamansa duk suna cikin wayar. Sun koya masa cewa mai mai kauri wahalar da inji yake yi, tsinkakke shi ne magani, kuma duk juye sai da sabuwar filta a kwalinta.

"Wannan ruwan wankin za ka zuba wa babur ɗin Baba?" in ji Yaya, ranar da ya ga jarkar Auta. "Kai yaro ne. Abin da babba ya hango, ko ka hau rimi ba za ka gani ba."

"Yaya, ai kai ma ba ka hango komai ba, ji ka yi a shagon aski," in ji Auta. "Wannan kwaltar taka a titi ake zuba ta."

Umma ta leƙo ta ce kada ta sake jin maganar mai a gidanta. Suka yi mata biyayya, suka daina magana, suka koma aiki a ɓoye. Ranar Yaya, sai ya tura babur bayan ɗaki, ya kwance notin ƙasa, ya tsiyaye man Auta, ya ɗura nasa, ya cire sabuwar filta ya maida tsohuwar Baba da yake ajiye a gwangwani. Washegari Auta ya zare ma'aunin mai, ya murza, ya ja tsaki, ya mayar da komai yadda yake so. Babur ɗin da Baba ke yi wa juye sai an ga dama ya koma shan sabon mai kamar mara lafiyar da ake wa ƙarin ruwa. Mai shagon mai na bakin titi har kujera yake ba su. In Yaya ne ya zo, sai ya ce masa, "Gaskiyarka, babban yaya, kauri shi ne lafiya." In Auta ne kuma, sai ya ce masa, "Ai ku 'yan zamani kun fi mu gani."

Na gaya musu garin neman gira za su rasa ido. A nan ne kaɗai na taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya, suka ce me mace ta sani game da inji.

Wata safiya, ranar Auta ce, Yaya ya tsinci sabon kwalin filta a kwandon shara, ya gane an yi masa juyin mulki jiya da yamma. Bai iya jira ranarsa ta zo ba. Auta na wanka, Yaya ya lallaɓa ya tsiyaye man a tsohuwar roba, ya ɗaure notin tsaf don kada ɗigo ya tona shi, ya tura robar bayan duro. Da ya ɗauko jarkarsa sai ya ji ta sakayau, ko cikin cokali babu. Ya ce bari ya ruga bakin titi ya dawo kafin yaron ya gama ƙawa. Ya tarar ba a buɗe shagon ba, ya tsaya jira, har ya samu wani mai babur ya hau yi masa wa'azin kauri.

Auta ya fito yana ƙamshi. Yau bai duba ma'auni ba, shi da ya zuba man da hannunsa. Umma kuwa tana da ganin likitan ido, ta ce ya sauke ta. Ta hau baya ta dafa kafaɗarsa, irin yadda take dafa ta Baba. Ina kallonsu suka fita, tana murmushi.

Da shara ta kai ni bayan duro na ga roba cike da mai, sabo fes, na gane babur ya fita babu mai a injinsa. Na kira wayar Auta, na sake kira. Yaron da ko banɗaki da waya yake shiga, ranar bai ɗauka ba. Ina tsaye sai ga Yaya da jarka a hammata. Ya dubi inda babur yake tsayawa, ya dube ni, ya zauna a ƙasa daɓas.

Rana ta yi sama kafin su dawo. Auta na tura babur, gumi ya jiƙa rigar ƙamshin, Umma na biye da shi a ƙafa. Ya ce sun kusa gada injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ya shaƙe, ya yi tsit. Aka kira bakanike gida. Ya taka kik ya ji ta ƙage, ya zare ma'auni ya ga a bushe.

"Injin ya buga, Mama," ya ce. "Cikinsa ya cinye kansa. Sai dai a sa wani."

"In an sa wani, ƙarar za ta dawo?" in ji Umma.

Ya sosa ƙeya. "Zai yi ƙara, Mama. Amma ba waccan ba."

Na zaci kunya za ta rufe musu baki. Ina! Yaya ya ɗago kai ya ce, "Da mai kauri ne a ciki, wallahi abin da ya manne a jikin ƙarfe zai kai su asibiti. Wannan ruwan ne ya tsiyaye tas."

"Kai ka tsiyaye shi!" in ji Auta. "Kuma da filtar takardar nan tawa ka bari..."

"Taka tana ciki, shashasha, ban kai gare ta ba!"

"To ka ga ba laifinta ba ne!"

Haushi ya cika ni har na ɗaga tsintsiya. Umma ta riƙe hannuna. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shafa kujerar babur ɗin, ta goge ƙurar da gefen mayafinta, sannan ta ce in ɗauko mata robar bayan duro. Ta ajiye ta gaban Auta. Ta sa ƙafa ta tura sabuwar jarkar gaban Yaya.

"To, an gama rabon gado," ta ce. "Kai ga mai kaurinka, kai ga tsinkakkenka. Kowa ya ɗauki ubansa ya ba ni wuri."