Bugu na Huɗu

Akwatin safe ya sauko ba madara. Hular Attilio ce kawai a ciki, an danne ta da dutse, da takarda a ninke a ƙarƙashinta.

Ersilia ta ja birki, ta kashe inji, ta goge hannu a jikin rigarta kafin ta taɓa takardar. Rubutun Celso ne, ƙanen mijinta Attilio. "Yaya, Attilio ya faɗi a wajen tatsa. Bai tashi ba. Na rufe masa ido. Ruwan jiya ya zabtare hanya, ko akuya ba ta wucewa. Ki faɗa wa Fada."

Ta karanta sau biyu. Abin da ya fara zo mata a rai shi ne motar madara za ta zo ƙarfe takwas ta koma ba komai.

Shekara talatin da takwas ke nan suna wannan aiki. Daga Yuni zuwa Satumba Attilio yana can makiyayar kan dutse da shanu, ita kuma tana nan ƙasa a rumfar inji. Tsakaninsu waya ce ta ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ta bi ta kan ginshiƙai biyar da kwazazzabo ɗaya. Madara da cuku su sauko, garin masara da gishiri da taba su hau. Ba tarho a can sama, sanda ce ke magana. A buga wa waya sau uku daga sama, kaya sun shirya. Biyu daga ƙasa, ina kan birki, sako. In sun iso lafiya, uku daga ƙasa. Haka ake yi a kwarin nan kaf, tun zamanin kakanni.

Amma Attilio, Allah ya shirye shi, bai taɓa tsayawa a uku ba. Sai ya buga uku da ƙarfi, ya ɗan dakata kamar mai jan numfashi, sannan ya ƙara ɗaya a hankali, wanda sai mai hannu a kan waya zai ji. Ba irin faɗan da ba ta yi masa ba. "Kai wai ba ka iya ƙirge ba ne? Wata rana za ka sa in saki birki a kan kuskure!" Shi kuwa sai ya ci gaba da yankan cukunsa ya ce, "Hannuna ne ke zamewa." Mutum ne da maganarsa ta wuni ba ta cika cokali ba, to da wa za ka yi faɗan?

Yau da safe uku ta ji cif. Har ta ce a fili, ita kaɗai a rumfa, "Yau dai tsohon nan ya koyi ƙirge."

Dorina, maƙwabciyarta tun suna amare, ita ta fara isowa, ta karanta takardar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ersilia ta tsaya tana kallonta. Ta laluba cikin zuciyarta ta ji wayam, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Kunya ce kawai ta kama ta, wai wata na yi wa mijinta kuka, ita kuwa tana tunanin ko ta shafa wa tayar waya mai a makon nan.

"Ki yi kuka, ƙawata! Kada ki haɗiye shi, zai kashe ki."

"Ba abin da na haɗiye," in ji Ersilia. "Je ki kira Fada."

Kafin ƙarfe tara rumfar ta cika. Fada Ilario, limamin coci, ya zo yana haki, ga sajan 'yan sanda a bayansa, ga mazan gari biyar ko shida suna tsaye a yayyafi. Duk aka ɗaga kai ana kallon inda waya ta shige gajimare ta ɓace. Sajan ya ce ya kira birni, jirgi mai saukar ungulu ba zai tashi a wannan yanayi ba, gyaran hanya kuwa sai mako guda in an yi sa'a. Mako guda, a watan Yuli, da gawa a ɗakin cuku da shanu ashirin da biyu a wuyan Celso shi kaɗai!

"Zan sauko da shi ta waya," in ji Ersilia.

Sajan ya nuna allon da ke jikin ginshiƙi. "Mama, kin ga abin da aka rubuta? An hana ɗaukar mutum."

"Ni na buga wa allon ƙusa."

"To kin ga ke nan. In ya faɗa kwazazzabo, ni za a kama."

Fada ya yi gyaran murya. "Ɗana, ran Attilio ya riga ya kai inda dokarka ba ta kaiwa. Abin da ya rage a can sama..."

"Haba Fada!" in ji sajan. "Ranar Lahadi ka ce jikin mamaci abin girmamawa ne, yau kuma ya zama buhun dankali?"

Dorina ta share hawaye ta taso wa sajan. "Kai, rufe mana baki! Ni na share maka majina a layin nan. Cukun wa uwarka ta ciyar da kai har ka cika wannan wandon? Mutum ya yi shekara talatin da takwas yana sauko wa gari da abinci, yau sau ɗaya za a sauko da shi ka ce allo?"

Sajan ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. Ya dubi Ersilia, wadda ta riga ta juya tana kwance akwati daga waya kamar ba da ita ake ba. "Ni dai zan je in duba gadar ƙasa," ya ce. "Zan jima. Kuma idona ba ya gani sosai in ana ruwa."

Maza suka taya ta rataya dogon katakon da ake sauko da itace a kai. Ta ɗaura bargo biyu da igiya sabuwa, ta rubuta wa Celso: kai ya fuskanci dutse, ɗauri a ƙirji da ƙugu da gwiwa, kada nauyi ya karkata gefe guda. Ta ɗauki hular ta juya ta a hannu, sannan ta cusa ta cikin bargo, don bai taɓa shigowa gari kai a buɗe ba. Ta tayar da inji, katako ya hau ya shige gajimare.

Aka yi ta jira. Dorina ta kawo kofi, Ersilia ta sha, ba ta ji ɗaci ba, ba ta ji zafi ba. Hannunta na hagu na kan waya, sanda na hannun dama.

Wajen sha ɗaya wayar ta girgiza. Ɗaya. Biyu. Uku.

Kowa ya ji. Kowa ya dube ta. Ba ta motsa ba.

"Mama Ersilia," in ji Fada a hankali, "ki amsa."

"Bai gama ba."

Maza suka dubi juna, suka sunkuyar da kai. Dorina ta matso ta dafa kafaɗarta. "Celso ne, ƙawata. Shi uku yake bugawa, kamar kowa."

Ta sani mana. Ai ta sani. Amma tafin hannunta ya ƙi barin ƙarfen. Can a tsaye, a gaban mutane, ta yi lissafin da ba ta taɓa yi ba: wane irin hannu ne ke zamewa kullum safe da yamma, shekara talatin da takwas, bai taɓa mantawa ya zame ba? Celso ya sake buga uku, da gaggawa wannan karon. Ta ɗaga sanda ta buga biyu.

Minti sha ɗaya ne daga sama zuwa ƙasa. Ba ta ganin komai sai fari, amma ba ta bukatar ido, sandar birki na faɗa mata komai. Ginshiƙi na farko ya wuce. Na biyu. Ta ji nauyin a damtsenta, ta ɓata fuska.

"Ya rame," ta ce. "Kilo shida ko bakwai. Na aika masa nama mako biyu da suka wuce, na san kare ya ba."

A ginshiƙi na uku, inda waya ke ratsa kwazazzabo, iska ta kaɗa, wayar ta fara lilo. Wani daga cikin mazan ya kira sunan Maryamu. Ersilia ta danne birki da duk jikinta, ta tsayar da shi cak a sararin sama, ta jira iska ta gama haukanta. A nan Attilio ya taɓa zubar mata da tulu huɗu na madara don gaggawa, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, shi kuwa bai fasa na huɗun nan nasa ba ko sau ɗaya. Da wayar ta lafa sai ta sassauta kaɗan kaɗan.

Takalmansa ne suka fara fitowa daga gajimare, da kashin shanu a ƙarƙashinsu. Maza suka cire huluna. Can cikin gari ƙararrawar coci ta fara bugawa. Ta sauke shi a kan dandamali a hankali, ko ƙaras katakon bai yi ba, ta kashe inji. Celso ya yi ɗauri mai kyau, ya kuma sa masa hular.

Suka kwance shi, suka ɗauka a kafaɗa, Fada a gaba. Dorina ta ja hannunta. "Taho mu tafi."

"Celso na jira. Bai san ya iso ba."

Ta koma jikin waya, ta ɗaga sanda ta buga uku da ƙarfi. Ta tsaya, ta ja numfashi. Sannan ta ƙara ɗaya, a hankali.

"Na huɗun fa na mene ne?" Dorina ta tambaya.

Ersilia ta jingine sandar a inda take zama.

"Hannuna ne ya zame," ta ce.