Kyamara ta Biyu Kafin Asabar

Injiniya ya ɗaga kyamarar ya auna bangon shagon, ya danna sau uku, sannan ya sunkuya yana duba hoton kamar likita da hoton ƙirji. Ƙura yake nema. Haka masu abin ke gwada kyamarar da ta taɓa shiga hannun wani: in akwai datti a cikinta, a farin bango yake tona kansa.

"Tsaf take," in ji mai shagon, wanda kowa ke kira Dogo duk da cewa da ƙyar ƙirjinsa ya wuce kanta. "Tun ɗazu nake faɗa maka."

"Ka faɗa. Mai kaya ai ba ya kushe kayansa."

Biyu Dogo ya fito masa da su, duk gangar jiki ce babu ido, domin idanun gilashi Injiniya yana da su har biyar a gida, jere a durowa, kuma kowanne zai hau kowacce. Ɗaya mai nauyi ce, gwana a ɗaki mai ƙarancin haske. Ɗayar ƙarama, amma ta fi saurin kama abin da ke motsi. A gefe ga tsohuwar tasa da ya kawo gyara. Ɗan ƙyauren cikinta ne ya fara sarƙewa, in ya danna sau goma sai ta yi masa kunnen uwar shegu sau ɗaya.

Hoto ba sana'arsa ba ce. Shekara talatin ya yi yana lura da injinan tura ruwa, da ya ajiye aiki kuma sai abin da yake yi ranar hutu ya zama aikin kullum. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na uku, yana ɗaukar tsuntsaye a kan wayar lantarki, da tankunan ruwa na maƙwabta, da inuwar kujera in rana ta karkata. Hotuna ne masu kyau, sai dai babu mai cewa mu gani. Wani lokacin sai ya wuni bai yi magana da kowa ba, har in ya ce wa mai kanti "sannu" muryar ta fito masa a shaƙe.

Ranar Asabar 'yarsa, Auta, za ta biyo ta garin. An canja wa mijinta wurin aiki, za ta bi shi, kuma tsakanin motar da za ta sauke ta da wadda za ta ɗauke ta akwai awa biyu. Awa biyun nan ta ce za ta kawo masa jikarsa, 'yar shekara huɗu, wadda bai taɓa gani ba sai a waya.

Shekara biyar ke nan rabonsa da Auta. Ran da za ta tafi ya raka ta tasha, ta leƙo ta taga tana ɗaga masa hannu, ya ɗaga kyamara, kyamara ta ƙi. Ya sunkuya ya cire batir, ya hura, ya mayar, ya sake cirewa. Kafin ya ɗago motar ta fita daga tasha. Hoton nan da bai samu ba ya daɗe yana ci masa rai, kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa laifin na mai fita da kyamara ɗaya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Wannan karon biyu zai rataya, in ɗaya ta yi gardama ɗayar ta amsa.

"Baba Injiniya, awa guda ke nan kana juya su," in ji Dogo. "Faɗa min, me za ka ɗauka?"

"Yarinya."

"A zaune ko a guje?"

Injiniya ya dubi mai nauyin, ya dubi ƙaramar. Dogo ya gyaɗa kai.

"To ai nan maganar take. In mai zama wuri ɗaya ce, ɗauki mai nauyin, falonka na san ba haske. In kuma irin waɗanda ba sa taka ƙasa ce, ƙaramar ce maganinta. Jikarka ce?"

"Jikata ce."

"Kuma ba ka san ko tana da ƙiriniya ba?" Dogo ya yi dariya, da ya dubi fuskar tsohon sai ya mayar da dariyar tari.

Injiniya ya ciro waya ya matsa bakin ƙofa. Ba ya yawan kiranta, kullum gani yake tana da aiki. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka, ana jin ƙarar jan kwali a bayanta.

"Baba, ina wuni? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Auta. Ya haɗa kaya? Tambaya ce da ni. Mutuniyar tawa, tana da ƙiriniya?"

Nan take muryarta ta sake, har ya ji ta zauna. "Ƙiriniya? Baba, ba ka ga komai ba. Jiya cikin kwalin tukwane na same ta, wai ita ma a ɗaure ta a sa a mota. Amma fa in ta ga baƙo sai ta maƙale a bayana, sai ta daɗe tana kallon fuskar mutum kafin ta yarda da shi. Kullum sai ta tambaye ni, wai Kaka yana da gemu? Me ya sa ka tambaya?"

"Ina shagon kyamara ne. Ta biyu nake zaɓa, saboda kada a maimaita irin ta tasha. In mai guje-guje ce akwai wadda ta fi sauri."

Jan kwalin da yake ji a bayanta ya tsaya.

"Au," ta ce. "Na ɗauka ita kake tambaya."

"Ita ɗin ce mana."

"Baba, ran nan a tasha, har motar ta juya ina ɗaga maka hannu. Tsakiyar kanka kawai nake gani. Ni ba hoto na rasa ba." Ta ja numfashi. "Ba rashin kunya zan yi maka ba, ka yi haƙuri. Awa biyu ce kacal. In ta same ka da baƙin abu a fuska ba za ta zo wurinka ba, na san halinta. Don Allah ka bar shi a durowa. In hoto ne, ni zan ɗauke ku da waya."

Da waya. A wata rana da sai ya yi mata bayanin minti goma kan abin da waya ke yi wa fatar mutum. Yau "to" kawai ya samu ya ce, ta ce ya gaida gida, duk da ta san babu kowa a gidan, suka ajiye.

Ya jima a bakin ƙofar yana kallon masu wucewa. Kunya ce ta fara kama shi, bayanta kuma tsoro. Shekara da shekaru, duk taron da ya shiga yana da abin riƙewa da wurin ɓuya. Bai san me ake ce wa 'yar shekara huɗu ba har tsawon awa biyu, bai ma san inda zai ajiye hannuwansa ba.

"Wacce ta ci?" Dogo ya tambaya da ya dawo.

Injiniya ya ɗauki ƙaramar, ya juya ta a tafinsa. Ta zauna masa a hannu daidai, kuma ya so ta ƙwarai. Ya mayar mata da murfinta, ya tura ta gaban Dogo tare da mai nauyin.

"Mayar da su tukuna."

"To. Rigakafi dai ya fi magani, amma kai ka san kiɗanka. Tsohuwar kuma ka bar min, gobe da rana ka zo ka karɓa, aikin ba shi da yawa."

"Litinin."

"Gobe ma za ta yi, Baba. Ba Asabar kake bukata ba?"

"Litinin na ce." Ya rataya jakar da babu komai a cikinta, ya kai ƙofa, sannan ya juyo. "Dogo, na san halina. Zan iya zuwa ranar Juma'a in ce ka ba ni. Ko na yi faɗa, ka ce min ba ka gama ba."