Kiɗan Wance

Maganar ta fara ne ranar Laraba da hantsi, wata biyar bayan an binne abokiyar kiɗan Assalama, lokacin da wani ma'aikacin rediyo mai suna Rissa ya iso Timiya, wani gari a cikin kwari tsakanin duwatsun ƙasar Agadas, da na'urar ɗaukar murya. Ɗan yankin ne, amma a Yamai ya tashi, harshen iyayensa kuwa ya yi masa nauyi a baki. An turo shi ne ya naɗi kiɗan anzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata kaɗai ke ja, ya kuma rubuta sunan wadda ta ƙirƙiri kowane kiɗa, domin a riƙa ambatarta duk sa'ad da aka saka shi a rediyo.

Mata biyu ne suka rage masu jan goge a duk kwarin, yanzu kuwa saura ɗaya. Assalama ta zauna a inuwar bukkar tabarma ta ja masa kiɗa bakwai, Algabid yayan marigayiyar yana bin ta da waƙa, kamar yadda ya bi su biyun shekara arba'in. Da aka gama na bakwai, wanda ake kira Kukan Rijiya, Rissa ya ɗaga kai ya tambaya ko na wace ce. Matan da ke zaune suka sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ce, "Na wance ne," ta dubi wajen Assalama, domin a gefenta na dama marigayiyar ke zama kullum. Ba a kiran sunan mamaci a Timiya, balle a gaban ɗan'uwansa. Rissa ya bi idon tsohuwar, ya ga Assalama, ya duƙa ya rubuta.

Sai washegari bayan azahar kuskuren ya fito fili. Motar da za ta mayar da shi Agadas tana tsaye a bakin kwari, direba ya ce da an yi la'asar zai tashi, ba ya so duhu ya same shi a cikin duwatsu. Rissa ya zo sallama, ya tarar da Assalama da Algabid suna shan shayi da cuku da dabino, ya buɗe littafinsa ya karanta musu jerin kiɗan domin su tabbatar.

Assalama ta ajiye kofinta. "Sake karanta na ƙarshen."

"Kukan Rijiya, na Assalama."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Jiya mana, Inna. Aka ce na wance ne, aka nuna ki."

Algabid ya tuntsire da dariya a bayan amawalinsa. Taubasai ne shi da Assalama, tun suna yara ba su taɓa raga wa juna ba. "Madalla, taubashiya! An tsufa an yi suna. Ke da ko kukan jaki ba ki taɓa ƙirƙira ba, ga shi yau an ba ki rijiya sukutum."

"Yi mini shiru, mai muryar tsohon raƙumi," in ji ta. Amma ba ta yi dariya ba, shi ma da ya dubi fuskarta sai ya haɗiye tasa.

Assalama tana nan ranar da aka haifi kiɗan. A lambun mahaifin su Algabid ne, shekarar da suka cika ashirin, raƙumi yana jan guga, katakon da igiya ke bi ta kansa yana ta ƙara don an manta a shafa masa mai. Kowa ya toshe kunne. Ƙawarta marigayiyar kaɗai ta tsaya da kwandon rumman a ka, ta karkata wuya tana saurare, ta ce katakon nan ya fi mawaƙan garin nan sanin inda ake numfashi. Ta ajiye kwandon ta gudu gida, ta dawo da gogenta. Bahaguwa ce, tana riƙe baka da hagu, kowa ya ce ba za ta taɓa iyawa ba. Kafin raƙumin ya gaji, kiɗan ya tsaya da ƙafarsa. Shekara uku Assalama ta yi tana koyonsa, ana dukan yatsunta da bakan goge duk lokacin da ta yi gaggawa a wurin da guga ke nutsewa.

"Ba nawa ba ne," ta ce da Rissa. "Goge sunana."

Ya goge nan take, ya ba ta haƙuri, ya ɗora alƙalami a kan takarda. "To, na wace ce?"

Gawayi ya yi ƙara a ƙarƙashin butar shayi. Algabid ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe idanunsa.

"Na wadda ta riga mu," in ji Assalama. "Ƙanwar wannan."

"Allah ya jiƙanta. Yaya sunanta?"

Ta dubi ƙasa. Can ta share yashin da ke gabanta da tafin hannu, ta zana haruffa uku na tifinag da yatsa, irin rubutun da uwaye ke koya wa 'ya'yansu, wanda ba a sa masa wasali. Rissa ya durƙusa yana kallo, leɓɓansa suna motsi. Ya haɗa haruffan yadda ya iya, ya furta wani suna da ƙarfi, sunan wata mai sayar da tumatir da ke raye lafiya lau a ƙarshen gari.

"Wannan ko ƙwaryar goge ba ta taɓa riƙewa ba," in ji Assalama.

"To bari in sake gwadawa. Ko dai Ta..."

"Kai!" Algabid ya buga sandarsa a ƙasa, ya miƙa ƙafa ya shafe rubutun. "Ɗan birni, kunyarka a mota ka baro ta? Kana lalube a bakin kabari kamar mai neman akuya?"

Rissa ya ja da baya. "Baba, ka yafe mini, wallahi ban san haka abin yake ba. Amma ko na rubuta daidai, sai mai gabatarwa ya faɗe shi. Rediyo ba ta da takarda. Da ma abin da muke so shi ne mai jan gogen ta faɗi sunan da bakinta kafin ta fara."

"Ka ji ko, taubashiya?" Muryar Algabid ta sauka, wasa ya fita daga cikinta. "Akwatin rediyon nan yana rataye a bukkata, yana rataye a bukkar 'ya'yanta. Suna cikin tatsar akuya su ji an kira uwarsu kamar tana bayan bukka za ta amsa. Ni da muka fito ciki ɗaya, wata biyar ke nan ban bar shi ya hau harshena ba. An kwantar da ita, a bar ta ta kwanta." Ya juya ga Rissa. "Rubuta na mutanen da ne. Shi ke nan. Haka ake cewa."

Rissa ya dubi Assalama, alƙalaminsa a sama. Daga bakin kwari aka ji direba ya danna oda sau biyu.

Haka ake cewa, gaskiya ne. A cikin kiɗa bakwai da ta ja jiya, shida na mutanen da ne. Ta tuna yadda wannan kalma ke ɓata wa ƙawarta rai. Takan ce, mutanen da ba su da yatsu, mace ce ta zauna ta yi shi, tana da suna, tana da miji mai ƙorafi, aka yi ta jin kunyarta har aka haɗiye ta. A lokacin dariya Assalama ke yi mata. Yanzu ta ga yadda abin ke faruwa: ba mugunta ke shafe suna ba, ladabi ne, mutanen kirki ne ke yi, kowa ya sunkuyar da kai har wanda ya sani na ƙarshe ya mutu. Waɗancan shida ba ta san masu su ba, in ta ce na mutanen da ne ba ta yi ƙarya ba. Wannan kuwa da idonta ta gani. In ta yi shiru aka rubuta, ta ba da shaida a kan abin da ta san ba haka yake ba, kuma ba Rissa ne zai tambaye ta ba ranar tambaya.

"Akwai wata hanya," in ji Rissa a hankali. "Sai in cire kiɗan gaba ɗaya, in tafi da shida."

Assalama ta dubi yatsunta. Gaɓoɓin sun kumbura, da sanyin safiya ba sa lanƙwasuwa sai ta gasa su a wuta. Babu yarinya ko ɗaya a kwarin da ta zauna ta koyi goge. In aka cire shi yau, shekarunsa ba za su wuce nata ba.

"Algabid," ta ce, ba ta kira shi taubashi ba. "Kullum ina faɗin sunanta sau biyar a gaban Ubangijina, ina roƙa mata rahama. Bai taɓa hana ni ba."

"Wannan tsakaninki da shi ne, ba a ji."

"Sau ɗaya zan faɗa."

"Sau ɗaya za ki faɗa, akwati ya maimaita sau dubu." Ya dogara sandarsa ya miƙe. "Ji nan, 'yar kawuna. Ban taɓa roƙonki komai ba sai shayi. In sunan nan ya fita daga bakinki, muryata ba za ta ƙara bin gogenki ba, ko a biki ko a suna, har a kai ni inda aka kai ta. Ki nemi wani tsohon raƙumin."

Babu wani. Su duka ukun sun san haka. Shi ne namiji na ƙarshe a Timiya da ya san inda waƙa ke shiga cikin kiɗan goge da inda take ja da baya, goge kuwa in babu murya a bayansa rabin magana ne. Ba ya rantsuwa a banza. Assalama ta san shi tun bai fara naɗa rawani ba.

Ladan ya kira la'asar. Algabid bai tafi masallaci nan da nan ba, ya tsaya a bakin bukka ya juya musu baya, yana jira. Rissa ya rufe littafinsa ya sake buɗewa.

"Inna, ni duk abin da kika ce shi zan yi. Amma motar ba za ta jira ni ba."

Assalama ta ɗauko gogen daga jakar fata, ta shafa wa izgar baka ƙaro, ta ɗaura tsirkiya har ta yi daidai. Ta dubi bayan Algabid na ɗan lokaci, ta yi bisimilla a ranta.

"Kunna na'urarka," ta ce. "Zan faɗi sunanta, sannan in ja kiɗanta ni kaɗai."