Koci Stutzman Ya Maƙale a 799

Jama'ata, barkanku da hutawa! Ku matso, yau na zo muku da na wani tsoho.

Shekara talatin da shida Orville Stutzman yana horar da 'yan ƙwallon kwandon wata ƙaramar kwaleji a Indiana. Rabin magidantan garin shi ya koya musu jifa, sauran rabin kuma shi ya kore su daga fili. Yanzu gwiwa ta ƙi, kunne ya yi nauyi. Ya yi wa matarsa Marjorie rantsuwa cewa yana cika nasara ɗari takwas zai ajiye usur su koma Arizona kusa da jikoki.

Ranar wasan ƙarshe na kakar wasannin yana da 799, kowa ya ɗauka daga shi sai tafiya, har Marjorie ta fara haɗa kaya. Har an ɗinka ƙyalle mai 800, an naɗe shi a saman rufi, igiya kawai za a ja.

Saura daƙiƙa biyu, an fi su da maki ɗaya, aka ba ɗan wasansa Tyrell jifan kyauta biyu. Na farko ya daki ƙarfe. Na biyu ya zagaya bakin kwandon kamar mai neman adireshi, ya faɗo waje.

Washegari Koci ya je aski. Wendell mai aski ya ɗaure masa ƙyalle a wuya tamau.

"Wai tafiya za ka yi, Koci? Da 799? Ai kamar kuɗin takalmin gwanjo!"

"Yi askinka, Wendell."

"Wasa ɗaya fa. Ko tsohuwar kakata za ta iya cin wasa ɗaya."

A coci fasto ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, wai sai ya cika 800. A ofis kuwa ya tarar da Tyrell tsaye, ido jawur.

"Koci, in ka tafi yanzu, har in mutu sunana wanda ya zubar da jifa."

Koci ya san wasa ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai, sai ka ɗauki kakar dungurungum, daga Oktoba har Maris, da motar haya da ƙanƙara. Ya dubi yaron ya ce, "Litinin, ƙarfe shida. Jifa ɗari biyu."

Da ya gaya wa Marjorie zai ƙara kaka ɗaya, ba ta ɗago daga kwalin da take liƙewa ba.

"Ni dai Alhamis zan tashi, Orville. Abincinka na firji."

To ku fa, da ku ne, jirgi za ku bi ko filin?