Man Shanu a Algaitar Haifa

Adamou ɗan mai algaita ne daga Damagaram, amma a Jidda tsintsiya ce ta karɓe shi. Shekara huɗu yana shara a wata makarantar kiɗa da ke unguwar Safa. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ita kaɗai ke riƙe da matarsa Zeinabou a layin wankin ƙoda, ga shi saura sati biyu ta ƙare. Kafilinsa Abdulwahid, mai makarantar, ya ce sai an gama wasan Juma'a zai sabunta.

Wani kiɗan Turawa mai shekara ɗari uku ake ta gwaji: algaitun Turawa biyu a gaba, goge manya da ƙanana a baya. Ɗaya ta yi kira, ɗaya ta amsa, kamar maƙwabta ta kan katanga. Adamou ya fi son mai amsawar, wadda wata malama Haifa ke busawa. In ta fara, sai ka gan shi yana goge wuri ɗaya sau bakwai.

Ran Laraba ya ji Haifa tana kukan sanyin na'ura ya busar da itacen algaitarta, tana tsoron ya tsage. Tausayi ya kama shi. Wannan ai ciwon da ya san maganinsa ne tun yana ɗan shekara tara. Kashegari ya taho da man shanu mai kyau daga unguwar Nuzla, ya jira aka fita sallar La'asar, ya yi bisimilla ya shafe ta ciki da waje, rami-rami, yadda mahaifinsa ke yi. Ya mayar da ita tana ƙyalli, zuciyarsa fes.

Gwanin wani gari, baƙo ne a wani. Ƙananan marufan ramukan suka sha mai suka liƙe. Haifa ta busa, sai wani gurnani ya fito. Ta shinshina, ta dube shi.

"Ammi Adam, inta?" ta ce da Larabci, wai ko shi ne.

Da ya yi shiru, da babu mai sani. Amma ɗan mai sana'a ba ya musun aikin hannunsa.

"Ni ne, Ustaza. Gyara na yi."

Mai gyaran irinta sai a ƙasar waje. Haifa ta roƙa masa afuwa wurin mai makarantar, tana hawayen kayanta tana roƙon, Abdulwahid ko kallonta bai yi ba.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce wa Adamou. "Ka jera kujerun gobe, ka kawo makullai."

Ran Juma'a aka yi wasan da algaita ɗaya. Adamou na tsaye a bayan ƙofa, bai riga ya faɗa wa Zeinabou an sallame shi ba, kuma Litinin ce ranar wankinta ta gaba. Goge suka lafa, algaitar farko ta yi kiranta. Ya sunkuyar da kai yana jira, ko da yake ya fi kowa sanin babu mai amsawa.