Ƙarar da ke Bayan Bisimilla

Issoufou ya hango igiyar tun daga nesa, ya yi ta fatan ta shanya ce. An ɗaure ta tsakanin turken lantarki da wata tsohuwar taya, a hanyar da ke fita daga unguwar Lamordé ta Yamai zuwa gada, kuma samari na zaune gefenta da butar shayinsu. 'Yan fadar unguwar ne, wato majalisar samari ta bakin titi. Tun lokacin da aka ce kowa ya sa ido kan maƙiyan ƙasa suka sami aikin da ba a tambayar takardar makaranta kafin a shige shi. Issoufou ya taka birki, ya sauke gilashi, ya yi musu fofo, gaisuwar Zabarmawa, da muryar mutumin da ba shi da komai a mota.

Akwai kwali a kujerar baya. Cikinsa akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ta Faransa mai maɓallan roba, irin wadda ya fara gani yana ɗalibi a Damagaram, lokacin da wani malamin lissafi ya bari su taɓa ta da yatsa ɗaya. Akwai rediyo mai kaset, da tarin wayoyi, da kaset-kaset. Gefen kwalin kuma ƙaramar tele ce mai ƙusumbi, wadda ya karɓo yanzu daga wurin mai gyara, don na'urar ba ta yarda da tele ta zamani. Issoufou ya haura hamsin, yana da buro a wata ma'aikata da ba wanda ke lura in ta tashi da wuri, kuma abin da ya fi so a duniya shi ne ya zauna bayan la'asar yana gudu da wani ɗan mutum mai hula a kan gilashin tele, kada tukwane su faɗo masa a ka.

Wanda ya leƙo tagar dogo ne mai jar riga, sauran suna kiransa Mumuni. Ya kira shi tonton, wato kawu, ya ce ya yi haƙuri ya buɗe baya. Da ya ga wayoyin sai ya daina cewa tonton. Ya sa aka sauke kwalin a ƙasa, kowa ya ja da baya, ban da masu ɗaga salula suna ɗauka. Issoufou ya dubi salulolin. Ya sha ganin irin wannan bidiyo a WhatsApp: mutum a durƙushe, rigarsa a yage, an rubuta ɗan leƙen asiri a ƙasa. Ba ya tuna ya taɓa ganin bidiyo na biyu inda aka ba mutumin haƙuri.

Ya yi bayani cewa abin wasa ne, na yara, tsoho ne ƙwarai, ya girmi duk samarin da ke wurin. Mumuni ya juya na'urar, ya karanta sunan ƙasar da ta ƙera ta da ƙarfi don na baya su ji. Ya tambaya ina yaran. Issoufou ya ce yaransa sun girma, ba ruwansu da ita, shi ne ke wasan. Wani daga cikin taron ya ce ai ga furfura, lallai yaro ne. Aka yi dariya kaɗan, ba mai daɗi ba.

Sai Mumuni ya ɗauki kaset ɗaya, ya ga an rubuta tafsirin watan azumi a jiki, ya ɗan saki fuska. Issoufou kuwa ya san a nan matsalar take.

Ga yadda abin yake. Irin wannan na'ura daga kaset take ɗaukar wasanninta, kuma wasan a kunnen mutum ƙara ce kawai. Wani tsohon Bafaranshe ne, ma'abocin irin wannan hauka, ke turo masa ƙararrakin ta intanet, shi kuma ya naɗe su. Sabon kaset ya ƙare a Yamai da daɗewa. Abin da ya samu shi ne buhun tsofaffin kaset-kaset na wa'azi wurin wani mai tsoffin kaya a kasuwar Katako. Sai ya liƙe ramukan saman kaset da salatif ɗin da ake kira sikoc ya naɗa a kai. Amma yatsansa bai taɓa yarda ya goge sunan Allah ba. Kullum sai ya bar malam ya yi bisimilla da salati, sannan ya danna jan maɓalli. A ganinsa ladabi ne. Matarsa Zuwera ta taɓa ce masa in dai ladabi yake so ya bar bawan Allah ya gama maganarsa, shi kuma ya ce mata ba ta fahimci kimiyya ba.

Mumuni ya sa kaset ɗin a rediyo, mai shagon kusa ya jawo musu wayar kuran, wato lantarki. Muryar wani malami ta fito, tattausa, ta yi bisimilla, ta yi salati, jama'a suka amsa. Malamin ya ce, ya ku bayin Allah. Daga nan ƙara ta tashi, siririya mai huda kunne, tana hawa tana sauka, kamar ana yanka ƙarfe. Wata mai sayar da kopto, kwaɗon ganye, ta ja ɗanta ta bar wurin.

"Da wa kake magana da wannan?" in ji Mumuni, a hankali.

Issoufou ya buɗe baki, ya ga duk amsoshin da yake da su suna kaiwa wuri ɗaya. In ya faɗi inda ƙarar ta fito, akwai Bafaranshe a ciki. In ya ce wasa ne, ya amsa da bakinsa cewa ya goge tafsiri ya sa ɗan mutum mai hula. Taron ya ƙaru, har masu kabu-kabu sun kashe babura. Wani yana cewa haka suke aika taswirar barikin soja, ɗan'uwansa ya gani a tele. Wani ya riga ya ɗauki makullin motar.

Wani dattijo ne ya ratso, da buta a hannu, zai tafi masallaci. Samarin suka buɗa masa hanya suna kiransa Baba Sumana, kuma daga yadda suka sunkuyar da kai Issoufou ya gane shi ne mai unguwa, ko abin da ya fi haka. Dattijon ya saurari kowa da Zabarmanci, sannan ya juyo ya ce da Hausa, tunda mutumin ya ce wasa ne, ya yi wasan a gani.

Aka ɗora tele a kan benci. Issoufou ya haɗa wayoyin, ya juya kaset ɗin baya da biron bik don ya tsaya daidai, ya buga umarnin, ya danna. Gilashi ya yi shuɗi. Ƙarar ta koma cikin na'ura, sai ɗan kukanta ake ji. Yanzu sai jira, kuma shi kaɗai a wurin ya san abin da jiran ke nufi. A ɗakinsa na unguwar Bobiel, da fanka da natsuwa, na'urar kan ƙi ɗauka sau da yawa. Zafi na hana ta. Kaset da ya tsufa na hana ta. In kuran ya ɗan lumshe, komai ya tafi. Ya dubi ƙwan lantarkin shagon kamar mai duban majinyaci. Zufa na bin bayansa har cikin wando. Wani saurayi ya matso da sandar da yake dogarawa, ya tsaya daf da kafaɗarsa, yana numfashi a wuyansa. Issoufou ya yi addu'ar da ya san bai cancanci a amsa ba, ya roƙi Allah, albarkacin bisimillar da ya bari, kada na'urar nan ta rubuta kuskure.

Gilashin ya yi baƙi. Wani ya ce ya aika saƙon ke nan. Sannan ɗan mutumin ya fito, da hularsa, da ƙafafunsa biyu masu kama da ashana, tukunya ta faɗo daga sama ta murƙushe shi tun Issoufou bai kai hannu ba.

Dariya ta tashi sosai a wannan karon. Mumuni ma ya yi, duk da ya yi ƙoƙarin riƙewa. Masu salula suka ci gaba da ɗauka, amma yanzu wawa suke ɗauka, kuma Issoufou bai taɓa jin daɗin zama wawa irin na ranar ba.

Baba Sumana bai yi dariya ba. Ya jira aka yi shiru, ya nuna kwalin da bakin butarsa.

"Duka haka ka yi musu, ɗana?"

"Duka, Baba."

Dattijon ya ce to, ba ɗan leƙen asiri ba ne, wannan kam an gani. Amma abin da ya taɓa ɗaukar maganar Allah ba a barinsa a wulaƙance, kamar yadda ba a zubar da tsohuwar takardar Alƙur'ani a bola. Binne ta ake yi a wuri mai tsarki. Ya dubi Issoufou ya tambaye shi ko yana da ja. Saurayin mai sanda bai matsa daga kafaɗarsa ba. Issoufou ya ce ba shi da ja, hasali ma ya daɗe yana neman wanda zai nuna masa yadda ake yi.

Bayan masallaci aka haƙa ramin, shi ne ma aka ba shebur. Aka naɗe kaset-kaset ɗin a farin ƙyalle, Mumuni ya sauke su da hannu biyu. Mafi yawan abin da Issoufou ya tara na shekaru ya shiga ƙasa cikin girmamawar da bai taɓa samu a gidansa ba. Aka mayar masa da makulli, aka ɗora masa na'urar da tele a mota, har da kofin shayi.

Kafin a kwance igiyar, Mumuni ya jingina a taga, ya sake kiransa tonton. Ya tambaya ko akwai sauran irinsu a gida. Issoufou ya tuna da sauran buhun na Katako da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda shi ma ya fara naɗa a kai, ya ce babu. Mumuni ya yi murmushi ya ce madalla, ai yana da abokai a fadar Bobiel, unguwar tonton, zai tura musu bidiyon su ma su sha dariya.

Issoufou ya hau gada yana tuƙi a hankali, hannayensa biyu a kan sitiyari. Yana tunanin inda Zuwera ke ajiye shebur.